Yadda na samu lasisin gidan tsire da zauren biki a Ingila ba tare da na sayar da giya ba

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Ingila suna ɗauka cewa lasisin da ƙaramar hukuma ke bai wa wuraren shaƙatawa na masu mashaya ne kaɗai, wanda ba ya sayar da giya babu ruwansa da shi. Ba haka abin yake ba. Dokar Lasisi ta 2003, wadda ta fara aiki a watan Nuwamba na 2005 a Ingila da Wales, ta haɗa mai sayar da giya da mai sa kiɗa da mai gasa nama da tsakar dare a ƙarƙashin takarda ɗaya. Ni sana'ata tsire da balangu da abincin gida, kuma na kama hayar wani gini a wani gari kusa da Manchester, ƙasa wurin cin abinci, sama kuma zaure da nake so a riƙa yin biki da suna da shagalin Sallah. Zan faɗi yadda abin ya gudana daki-daki, don wanda zai biyo baya ya san inda zai sa ƙafa.

Lauyan da ke duba mini takardun haya shi ya fara tayar da maganar. Ya tambaye ni ƙarfe nawa zan riƙa tashi, na ce a ƙarshen mako sai wajen ƙarfe ɗaya na dare, domin mutanenmu ba sa fitowa neman nama sai bayan isha'i. Ya ce to lallai sai da lasisi, saboda duk wanda zai sayar wa jama'a abinci mai zafi ko abin sha mai zafi tsakanin ƙarfe 11 na dare da ƙarfe 5 na asuba ya shiga cikin dokar, ko da shayi ne kofi ɗaya, ko a wurin za a ci ko tafiya da shi za a yi. Ya kuma gaya mini hukuncin wanda ya yi ba izini: tara wadda ba ta da iyaka, ko ɗaurin da zai iya kai wata shida, ko duka biyun. Mai ginin ya riga ya ce mini wurin yana da lasisi tun zamanin waɗanda suka gabace ni. Lauyan ya ce kada mu tsaya a kan maganar baki, mu duba rajistar da kowace ƙaramar hukuma ke ajiyewa ta wuraren da ke da lasisi, wadda kowa zai iya gani. Da muka duba sai muka tarar kamfanin da ke riƙe da shi ya karye, kuma idan mai lasisi ya karye lasisin yana faɗuwa, sai fa in an nemi mayar da shi hannun wani cikin kwana 28. Wannan lokaci ya daɗe da wucewa. Ba abin da ya rage sai neman sabo daga tushe.

Kafin na cike kowace takarda na nemi ganawa da jami'in lasisi na ƙaramar hukuma. Sai da na ɗan jira kafin a ba ni rana, amma wannan zama shi ya fi kowane amfani a gare ni. Matar da na samu ta ɗauki takarda ta rubuta mini abubuwa huɗu da dokar ta tsaya a kansu: hana laifi da tarzoma, kare waɗanda suka shigo wurin daga haɗari, hana damun jama'a, da kare yara daga cutuwa. Ta ce duk tambayar da za a yi mini da duk ƙorafin da za a saurara a kaina ba za su wuce waɗannan huɗu ba. Daga nan muka shiga maganar kiɗa, kuma a nan ne kaina ya ɗaure. Mawaƙi ko makaɗi da ba ya amfani da lasifika ba ya buƙatar izini tsakanin ƙarfe 8 na safe da 11 na dare. Mai kalangu zai iya kaɗawa, babu mai tambayarsa. Mawaƙi mai amfani da lasifika ma an sassauta masa a waɗannan sa'o'i a wasu wurare in masu sauraro ba su wuce 500 ba. Amma kiɗan da aka naɗa, irin wanda DJ ke sawa a yi rawa, sassaucinsa ya fi shafar wuraren da ke da izinin sayar da giya a sha a wurin, da kuma wasu wuraren al'umma kamar zaurukan coci da na unguwa. Ma'ana, ni da ba na sayar da giya, in zan kira DJ in sayar da tikiti, sai na nemi izinin kiɗa ko da rana tsaka ne, alhali mashayar da ke ƙarshen layinmu ba ta buƙata kafin ƙarfe 11. Kiɗan da ke tashi ƙasa-ƙasa ana cin abinci ba ya cikin lissafi. Bikin da iyali suka yi wa waɗanda suka gayyata, ba a karɓi kuɗin kowa don neman riba ba, shi ma galibi ba ya ciki. Da zarar an sa tikiti ko an buɗe wa kowa ƙofa, magana ta canza.

Wani da ya daɗe yana cike wa mutane irin waɗannan takardu ya ba ni shawarar in sa giya a cikin buƙatata ko da ba zan sayar ba, wai don in ci moriyar wancan sassauci kuma darajar wurin ta ƙaru. Na kai maganar wurin wani dattijonmu da ya shekara da shekaru a ƙasar, wanda duk muke zuwa wurinsa in abu ya ɗaure mana. Na ce, "Alhaji, ga abin da aka ce mini, yaya kuke gani?" Ya ce, "Ɗana, abin da ba za ka sayar ba, me zai sa sunanka ya hau takardarsa?" Zuciyata dama can ba ta kwanta da shawarar ba. Da na sake tambayar jami'ar lasisi sai ta ce dabarar ma ba ta aiki, domin sassaucin yana tafiya ne a lokacin da wurin yake buɗe ana sayar da giyar da gaske. Ta kuma bayyana mini nauyin da ke kan wanda ya ɗauki wannan hanya, kuma zan faɗe shi saboda akwai masu jin Hausa da ke aiki a otal-otal da kantuna, akwai kuma waɗanda addininsu bai hana su ba. Duk wurin da ke sayar da giya dole a rubuta sunan mutum guda a jikin lasisin a matsayin mai kula da sayarwar, kuma dole wannan mutum ya mallaki lasisi na ƙashin kansa. Kafin a ba shi sai ya yi ɗan kwas ya ci jarrabawa mai tambaya 40, ya kawo takardar binciken ko ya taɓa aikata laifi, ya biya fam 37. Sannan akwai sharuɗɗan da doka ta ɗora wa kowa: tsarin duba shekarun mai saye don kada a sayar wa ɗan ƙasa da 18, bai wa mutane ruwan famfo kyauta in sun nema, da haramcin garaɓasar da ke tura mutane su sha fiye da kima. Wani abin da ya kamata masu zauren biki su sani shi ne, baƙi su zo da giyarsu ba sayarwa ba ne a idon doka, amma in aka ce tikiti ya haɗa da kofi ɗaya kyauta, wannan sayarwa ce. Ni na rubuta a yarjejeniyar hayar zaurena cewa ba a shigo da ita, kuma wannan haƙƙina ne a matsayin mai wuri.

Takardar neman lasisin tana nan a shafin gwamnati na GOV.UK, kuma ta intanet na aika. Amfanin hakan shi ne ƙaramar hukuma ce za ta rarraba kwafi ga hukumomin da doka ta ce a sanar: 'yan sanda, 'yan kwana-kwana, duba-gari masu kula da hayaniya, sashen tsara gine-gine, masu kare yara, jami'an lafiyar jama'a, masu duba awo da ma'auni, da jami'an shige da fice. Wanda ya aika ta gidan waya shi zai bi su ɗaya bayan ɗaya a ranar da ya miƙa. Tun 2017 duk mai neman izinin giya ko na abincin dare da sunansa sai ya nuna shaidar cewa yana da izinin aiki a ƙasar, don haka a tanadi fasfo ko lambar da ake cirowa daga shafin shige da fice. Ana kuma buƙatar zanen ginin da ke nuna ƙofofin shiga da fita, matakala, banɗaki, kicin, dandamali in akwai, da inda tukwanen kashe gobara suke. Na biya mai zane ya yi mini a ma'aunin 1:100, wanda aka fi sabawa da shi. Kuɗin nema gwamnati ce ta yanke shi, iri ɗaya ne a ko'ina, kuma yana bin ƙimar da aka yi wa ginin don harajin kasuwanci. Ginin da ƙimarsa ba ta wuce fam 4,300 ba yana biyan fam 100, daga nan zuwa 33,000 fam 190 ne, zuwa 87,000 fam 315, zuwa 125,000 fam 450, abin da ya haura haka fam 635. Nawa ya faɗa aji na biyu, na biya fam 190.

Inda na fi daɗewa shi ne shafin da ake rubuta yadda za a tafiyar da wurin. A nan mutum ke faɗin ranaku da sa'o'in kowane abu, da matakan da zai ɗauka kan manufofin nan huɗu. Abin da ba kowa ke gaya maka ba shi ne, duk alƙawarin da ka rubuta a nan ana mayar da shi sharaɗi a jikin lasisinka, kuma karya sharaɗi laifi ne daidai da yin aiki ba lasisi. In ka rubuta cewa kullum akwai masu gadi biyu a ƙofa don ka burge masu karantawa, to ranar Talata da mutum shida ke cin tuwo ma sai ka biya masu gadi biyu, kuma dole su kasance masu katin SIA, hukumar da ke ba masu gadi izinin aiki, ba ƙannenka ba. Saboda haka na zauna da uwargida da yaron da ke taya ni a kicin muka bi kowane layi muna tambayar kanmu ko za mu iya riƙe shi shekara da shekaru. Na rubuta kyamarorin tsaro, littafin rubuta duk abin da ya faru, masu gadi a ranakun da aka sayar da tikiti kawai, rufe tagogi in ana kiɗa, da cewa yara sai da babba bayan ƙarfe 9 na dare. Na aika wa ɗan sandan da ke kula da lasisi da jami'in duba-gari daftarin tun kafin in miƙa. Ɗan sandan ya nemi a riƙa ajiye hotunan kyamara na kwana 31, na amince, kuma da lokacin ƙorafi ya zo bai ce komai ba.

Washegarin miƙa takarda ake fara ƙidayar kwana 28 da kowa ke da damar kawo ƙorafi. A tsawon waɗannan kwanaki dole a liƙa sanarwa a inda mai wucewa zai iya karantawa daga waje, dare da rana. Ba kowace takarda ba: shuɗiya mai haske, girmanta A4 ko fiye, baƙin rubutu mai girman 16 ko sama. Na sa an rufe mini ita da leda, na liƙa ɗaya ta cikin gilashi, ɗaya a jikin ƙofar ƙarfe ta waje, saboda in an sauke ƙofar da dare ta ciki ba ta ganuwa, kuma wannan kaɗai ya isa a ce a sake ƙidaya daga farko. Kowace safiya nakan ɗauki hotonta da waya. Sannan cikin ranakun aiki 10 dole a buga sanarwar a jaridar yankin. Abin da jaridar ta caje ni ya fi kuɗin lasisin kansa, ya haura fam 300 a kan ɗan akwatin rubutu, kuma har yau ina ganin wannan nauyi ne da ya fi ƙarfin ƙaramin ɗan kasuwa.

Ana cikin wannan jira Sallah ta matso, jama'a kuma sun sa rai za a yi shagali a zauren. Mafitar ita ce sanarwar taro na ɗan lokaci, wadda ake kira TEN. Kuɗinta fam 21, mutane kada su wuce 499 har da ma'aikata, kuma sai an miƙa aƙalla ranakun aiki 10 kafin ranar, ba a lissafa ranar miƙawa da ranar taron. 'Yan sanda da duba-gari ne kaɗai ke iya hanawa, kuma ranakun aiki uku gare su. Wanda ba shi da lasisin ƙashin kansa sau biyar kawai zai iya yi a shekara. Tunda ranar Sallah sai an ga wata, muka tsayar da Asabar ɗin da muka tabbata za ta zo bayanta ko wata ya yi nusan ko bai yi ba. Na tsayar da kiɗa ƙarfe 11 daidai, na fita da kaina ina roƙon mutane kada su tsaya hira a bakin titi, domin na san maƙwabta suna kallo kuma abin da suka gani a daren nan shi zai shiga wasiƙunsu.

Ƙorafi ya zo, kuma da na ga saƙon gabana ya faɗi. Jami'in duba-gari ya ce bangon zauren na baya yana kusa da gidajen kwana, yana so a sa na'urar da ke ƙayyade ƙarar sauti, shi zai zo ya saita ta. Wasu maƙwabta kuma suka rubuta. Ɗaya ya ce unguwar ta riga ta cika da gidajen abinci, aka ajiye nasa gefe saboda yawan masu sana'a ko rashin buƙata ba ya cikin manufofi huɗu. Amma wata tsohuwa da gidanta ke bayan namu ta rubuta cewa masu wurin na da sun hana ta barci shekaru, ana zubar da kwalabe a bola da tsakar dare, ana buga ƙofofin mota, mijinta kuma ba shi da lafiya. Da na karanta ban ji haushinta ba ko kaɗan. Na tuna mahaifiyata da yadda ƙaramin motsi ke tashinta. Ana ba mai nema kwafin ƙorafin, don haka na rubuta mata ta hannun jami'ar lasisi na nemi izinin zuwa gaishe ta. Ta yarda. Na zauna na saurare ta har ta gama, na gaya mata ba giya a wurin, na yi alƙawarin ba za a fitar da shara tsakanin 11 na dare da 7 na safe ba, na ba ta lambar wayata. Ta ce ta ji daɗi, amma ba za ta janye ba sai an rubuta. Gaskiyarta ne, an sha yi mata alƙawarin baki.

Idan ba wanda ya yi ƙorafi, dole ƙaramar hukuma ta bayar da lasisi yadda aka nema. Idan akwai wanda bai janye ba, ana zaman sauraro cikin ranakun aiki 20 bayan cikar kwana 28. Duba-gari ya janye bayan na sa hannu kan sharaɗin na'urar, saura tsohuwar da wani maƙwabci. Ranar zama na je da babban fayil: hotunan sanarwa, shafin jarida, rahoton binciken haɗarin gobara da ya nuna yawan mutanen da zauren zai ɗauka, da jerin sharuɗɗan da na riga na amince da su. Ba kotu ba ce, ɗakin taro ne, kansiloli uku a gaba, lauyan ƙaramar hukuma a gefensu. Aka bai wa kowa lokaci daidai. Ban ɗauki lauya ba, na yi magana da bakina. Shugabar zaman ta tambaye ni yadda zan sallami mutum ɗari da wani abu ƙarfe ɗaya na dare ba tare da an tashi unguwa ba. Na ce za a rage kiɗa rabin sa'a kafin tashi, a kunna fitilu, mai gadi ya tsaya a waje, tasi kuma ta jira a babban titi ba a layin baya ba. Aka fitar da mu suka yi shawara. Wannan ɗan jira a baranda ya fi mini kwana 28 ɗin nauyi, domin na riga na zuba abin da na tara a kicin da kuɗin haya. Da aka dawo da mu aka ce an ba ni, amma kiɗa zai tsaya ƙarfe 12 na dare a Juma'a da Asabar, ba ƙarfe ɗaya ba, abinci mai zafi kuwa har ƙarfe ɗaya. Aka sanar da mu cewa duk wanda bai gamsu ba zai iya ɗaukaka ƙara zuwa kotun majistare cikin kwana 21. Ban ɗaukaka ba. Sa'a ɗaya ba ta kai in ɓata da mutanen da zan zauna da su ba, kuma da ni ne a kujerar kansilolin ina jin haka zan yanke.

Akwai abubuwan da lasisin nan bai ɗauke maka ba, kuma mutane suna ruɗewa a kansu. Izinin sashen tsara gine-gine daban yake. In shi ya ce a rufe ƙarfe 11, lasisinka kuma ya ce ƙarfe ɗaya, na ƙarfe 11 za ka bi har sai ka nemi a gyara, don haka a duba shi tun kafin a sa hannu kan haya. Rajistar sana'ar abinci daban, kyauta ce, ana yinta aƙalla kwana 28 kafin buɗewa. Haƙƙin mawaƙa ma daban, kamfanin PPL PRS mai karɓa a madadinsu ake biya, ko rediyo kawai ake kunnawa. Wanda ke Scotland kuma ya sani dokarsu ta giya daban ce, ta 2005, kuma manufofinta biyar ne, an ƙara lafiyar jama'a.

Shawarar da nake ba duk wanda ya zo wurina yanzu ita ce ya fara da mutane kafin takarda. Ya ga jami'in lasisi, ya ga ɗan sanda da duba-gari, ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta kafin su ga shuɗiyar takarda a bango su ji an ɓoye musu wani abu. Ya nemi sa'o'in da yake buƙata da gaske, kada ya rubuta abin da ba zai iya riƙewa ba, kuma ya ware aƙalla wata biyu zuwa uku kafin ranar buɗewa, kada ya karɓi kuɗin bikin kowa a kan lasisin da bai fito ba. Bayan ya fito, taƙaitaccen shafinsa ana rataye shi inda kowa zai gani, cikakken kuma a ajiye a wurin don jami'i na iya shigowa ya nema. Kuɗin shekara nawa fam 180 ne, in an ƙi biya ana dakatar da lasisin. Kuma kowane maƙwabci ko hukuma na iya neman a sake duba shi a kowane lokaci, a rage sa'o'i ko a ƙwace shi gaba ɗaya. Shi ya sa duk mai kama zaurena yake sa hannu kan sharuɗɗan kafin in karɓi kafin-alƙalami, DJ kuma ba ya jona kayansa sai ta cikin na'urar da duba-gari ya saita.